Kafar Ɗiban Wuta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

"Ke kika cinye darnin nan, mai gemu!" in ji Kura.

"Kara uku na ci. Ke kika jingina da shi kina leƙen 'ya'yana har ya faɗi," in ji Akuya.

Maƙwabta ne, darnin kara kaɗai ya raba gidajensu, ga shi ya kwanta. A al'ada kowa rabin kara da rabin igiya zai kawo.

Sai Kura ta maƙale murya, ta karkace kai. "Haba ƙanwata, huta abinki. Ni zan kawo karan duka, har da dirkoki. A dai bar 'yar kafar ɗiban wuta, kamar yadda maƙwabtan kirki ke yi."

Akuya ta daina tuƙa. Kurar da ko busasshen ƙashi ba ta taɓa bai wa kowa ba, yau ita ce da kyautar dami goma? Ta tura 'ya'yanta bayan rumbu da ƙafa, ta ce, "Kafar, yaya faɗinta?"

Kura ta auna kafaɗunta da kara. "Kamar haka. A ƙara taƙi ɗaya saboda komowa."

"Zan kawo rabina, in bi shi da ƙaya, kuma babu kafa. Wai Yaya Kura, ke da kike cin abincinki ɗanye, me za ki yi da wuta?"

Kura ta haɗiye miyau ta ce, "Ajiye ta nake yi a tulu, saboda baƙi."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, mai musu ya je gidan Kura ya tambaya.