Wasiƙar Zinariya ta Malam Girart

Ranar tara ga Maris, shekara ta 1327, gari ya waye da yayyafi a Aras ta ƙasar Faransa. A safiyar nan Girart, mai zayyanar littattafai, ya gane idanunsa sun kusa tafiya.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: 'yarsa Amelin. Shekara bakwai ke nan da ta ɓata masa wani shafi, ya ce mata hannunta na ludayi ne, ba na alƙalami ba. Ta yi aure a garin Amiyan, ba ta sake waiwayo gida ba. Ga shi ba ta iya karatu ba, don haka ban-haƙurin sai dai a zane: hotonta riƙe da alƙalami, zinariya kewaye da ita.

Maƙwabtansa uku suka shigo cikin aikin.

Odo majemi ya kwana tara yana kankare fatar maraƙi, har ta yi sulɓin da alƙalamin Girart ba zai sarƙe ba. Ba don ita ba, da layin farko ya karkace.

Tibo mai niƙa launi ya leƙo, ya tarar Girart na shirin shafa koren launi a fuskar 'yarsa da ke zanen.

"Tsoho, kwaɗo ka haifa?" in ji shi.

Girart ya yi dariya. Sai Tibo ya yi wa kaskon kowane launi tsaga a baki, ja ɗaya, shuɗi biyu, yadda yatsa zai gane abin da ido ya kasa.

Saura zinariya. Ganyenta, wato fallen zinariya marar kauri, ba ya kama fata sai an shafa gam an hura masa numfashi mai ɗumi, a hankali. Girart kuwa tari ke cinsa. Sau uku yana watsa ganyen. Gwauruwa Ferrenel, mai gashin burodi, ta ture shi gefe.

"Matsa, malam. Shekara talatin ina lallashin garwashi."

Ta hura numfashi sau ɗaya, zinariya ta zauna daram.

Washegari Girart ya naɗe fatar, ya ɗaure, ya damƙa wa wani falke mai tafiya Amiyan. Ya tsaya a ƙofa har ya daina jin ƙarar keken dokin.

To jama'a, in Amelin ta warware fatar nan ta kamo hanyar gida, ƙofar wa ya kamata ta fara durƙusawa: majemi, mai launi, ko mai burodi?