Kwaɗo da Farar Gashin Zabo

An yi wani kwaɗo a bakin wani tafki wanda ba a yi masa bismillah sau biyu. Kowa ya san in ka tarar ana cin abinci aka ce maka bismillah, sai ka ce alhamdulillahi, ka wuce. Shi Kwaɗo ba ya wucewa. Zama yake yi, kuma shi ke suɗe kwano.

A tafkin akwai Giwan Ruwa, wani ƙaton kifi mai taka-tsantsan, wanda ya tsufa bai taɓa haɗiye ƙugiya ba. Biri masunci ya shekara uku yana jefa masa tana, shi kuwa sai dai ya shinshina ya juya wutsiya.

Wata rana Biri ya sake dabara. Ya tsinto gashin zabo, ya naɗe shi da zare a jikin ƙugiya har ya fito kamar fara, da fiffikenta da komai. Ya laɓe a bayan ciyawa ya wurga ta a hankali, ta sauka bisa ruwa tana ɗan motsi.

Giwan Ruwa ya taso, ya kewaye ta sau biyu. Yana cikin dubawa sai ga Kwaɗo.

"Baba Giwa, barka da hantsi. Kalaci ake yi?"

"Bismillah," in ji Giwan Ruwa, don bakinsa ya saba. Sai ya tuna da wa yake magana, ya ce, "Kai, dakata. Farar nan ban yarda da ita ba."

"Yau ga rowa! Ka yi bismillah kuma ka janye?"

"Ba rowa ba ce, ɗan nan. Ka taɓa ganin fara da igiya a wuya?"

"Ta kiwo ce. Irinsu sun fi maiƙo."

"Wa ke kiwon fara?"

"Mutanen birni mana. Kai da ba ka taɓa fita daga ruwa ba, ina za ka sani?"

"To me ya sa take warin zabo?"

"Gona ɗaya suke kwana, Baba. In ba ka ci, matsa."

Giwan Ruwa ya matsa. Kwaɗo ya yi tsalle, caraf, ya cafe ta. Ƙugiya ta shige masa a gefen baki.

Biri ya ji nauyi ya fizgo da murna, har ya fara tunanin irin yajin da zai barbaɗa. Sai ga Kwaɗo yana lilo a gaban hancinsa.

"Kai ne giwan ruwan?"

"Ranka ya daɗe, bismillah aka yi mini."

"Ni ban yi maka ba. Tun asuba nake ɗaura gashin nan, ka zo ka jiƙa mini shi da yawu!"

Biri ya fige ƙugiyarsa ba lallashi, bakin Kwaɗo ya yage har kusa da kunne, sannan ya cilla shi cikin tafki.

Giwan Ruwa yana nan inda aka bar shi. Ya dubi bakin, ya ce, "Sannu. Yaya maiƙon?"

Kwaɗo ya ja jiki ya shige cikin ciyawa. Kwana tara ya yi ko sauro bai iya haɗiya ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, in babba ya tsaya yana kallon abinci bai kai baki ba, kada kwaɗayi ya sa ku riga shi. Ku fara tambaya igiyar ta wane ne.