Ledar da Aka Bari a Kan Kanta

Akwai wani farfesa a garinmu, nan kudancin Zambiya, sunansa Simweemba. Masanin tsofaffin ƙasusuwa ne, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya: in ya riga ya faɗi magana, ko ƙashin da kansa ya tashi ya musa masa, ba zai janye ba.

Wata shekara da rani, katafilar masu gina hanya ta tone wani tsohon kabari kusa da ƙauyen Hamaluba. Aka sami kwarangwal ɗin dogon mutum kwance a gefe, da kan mashi biyu, da gatari, da mundayen tagulla. Katafilar ta riga ta farfasa ƙashin ƙugun, wanda da shi ake saurin gane namiji ko mace.

Mai garin, tsoho Hachoongo, ya yarda a ɗauki ƙasusuwan a bincika, da sharaɗin a maido su kafin ruwan farko don a sake binnewa.

"Ku dai ku gaya mana namiji ne ko mace," in ji shi. "Kowa da wurin kwanciyarsa a nan."

Farfesa ya yi dariya. "Baba, ka taɓa ganin mace da mashi biyu? Jarumi ne."

A tare da shi akwai Dakta Chipego Mudenda, wadda ta gama karatunta a kan irin wannan aiki. Ita ce ta durƙusa tana share ƙasa, har ta ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙasusuwa tsakanin hannun gawar da haƙarƙarinta.

"Yallaɓai, zo ka ga wannan."

Ya leƙo daga tsaye. "Zomo ne. Guzurin mafarauci." Ya kwashe su cikin leda, ya ɗaure, ya rubuta "dabba" a jiki.

A ɗakin ajiya na gidan tarihi suka jera kwarangwal ɗin a kan dogon tebur. Ledar kuwa aka jefa ta kan kantar ajiye kaya can gefen taga, tare da ƙasusuwan awaki.

Chipego ta yi kwanaki tana duba gawar, sannan ta same shi.

"Yallaɓai, goshin nan sumul yake. Guntun ƙugun da ya tsira ma yana da faɗi. A bar ni in aika haƙori ɗaya a gwada."

"A gwada me?"

"Ina zargin mace ce."

"Ku 'yan matan yanzu," ya ce yana goge tabarau, "ko ƙashin kifi kuka tsinta sai kun ce mace ce aka danne. Na riga na gaya wa 'yan jarida. Kina so in koma in ce musu me?"

"To a bar ni in buɗe ledar can."

"'Yata, ilimi ba tausayi ba ne. Bar min zomona."

Daga nan abubuwa suka fara.

Kullum da safe sai a tarar ƙasusuwan hannun dama sun goce daga inda aka jera su, sun miƙe wajen taga. Farfesa ya ce girgizar manyan motoci ce. Ya maida su da kansa, ya kulle ɗakin. Washegari ya tarar har 'yan yatsun sun kai bakin tebur.

Sai kuma sautin. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya fita cin tuwon masara gidan ya yi tsit, wani siririn kuka yake tasowa daga wajen kantar. Ba ya ƙarfi, ba ya tsayawa. Farfesa ya ce kyanwa ce ta haihu a rufi. Aka hau aka duba, babu ko gashinta.

Wata rana Chipego tana ciki ita kaɗai kukan ya fara. Ta ɗauko ledar daga kanta ta ajiye kusa da haƙarƙarin gawar. Nan take kukan ya tsaya, ɗakin ya yi shiru.

Tana ƙoƙarin kwance ɗaurin sai ga Farfesa.

"Wa ya ba ki izini?"

"Yallaɓai, don Allah ka duba da idonka. Minti kaɗan ne."

Ya fizge ledar, ya kai ofishinsa ya kulle a kabad. Ya karɓe makullin ɗakin daga hannunta. Tun da tana son harkar mata, in ji shi, sai ta je ta kula da girkin ranar bikin sake binne gawar. Ni wannan ya fi komai ƙona min rai a labarin nan.

Hadari ya fara haɗuwa, aka maida gawar Hamaluba. Aka kai ta makwancin maza a bayan garken shanu, inda mace ba ta taka ƙafa. Aka buga gangunan jarumai, Farfesa ya yi dogon jawabi. Chipego tana can nesa cikin mata, tana juya tukunya tana hawaye, hayaƙi ya rufa mata asiri.

Ledar tana kabad, ba wanda ya tuna da ita.

Bayan biki kukan ya dawo, amma yanzu daga ofishin Farfesa yake fitowa, kuma ya fi na da ƙarfi.

Ranar da abin ya ishe shi, ya buɗe kabad a fusace ya zazzage ledar a kan farar takarda, don ya nuna wa kansa zomo ne. Ya fara jerawa yadda ya saba. Tun kafin ya gama ya gane ba zomo ba ne. Ga ɓangarorin ƙoƙon kai, sirara kamar ɓawon ƙwai. Ga rabin muƙamuƙi, da ramukan haƙoran da ba su kai ga fitowa ba.

Jariri ne sabon haihuwa. A ƙirjin mai mashin aka kwantar da shi.

Abin da zai ba ka haushi, ko ɗalibinsa na shekarar farko zai gane haka. Ilimin yana da shi, dubawa ce kawai bai yi ba.

Ya kira Chipego. Ta zo ta kalli takardar.

"Mu kai mata ɗanta," ta ce.

Suka sa ƙasusuwan a ƙaramin kwali suka tafi Hamaluba. Tsoho Hachoongo ya saurare su har ƙarshe, bai katse su ba.

"Na tambaye ka, ka yi min dariya," ya ce. "Muka hana matanmu wanke ta, muka kwantar da ita cikin maza."

"Baba, na yi kuskure. A buɗe kabarin a sa mata shi."

"Ƙarfen katafila ya tashe ta sau ɗaya. Wanda aka tayar aka sake kwantarwa, ba ma ƙara taɓa shi."

"To a binne shi kusa da ita."

"Jariri mata ke binne shi, mata kuwa ba sa shiga can. A wani wuri kuma ba zai yiwu ba, don ba ma kwantar da ɗan jinjiri nesa da uwarsa."

Chipego ta durƙusa ta roƙa har muryarta ta karye. Tsohon ya dube ta da tausayi, ya girgiza kai, sannan ya tura kwalin gaban Farfesa da sandarsa.

"Kai ka ɗauke shi daga hannunta. Sai ka riƙe."

Chipego ta rubuta gaskiyar abin da aka gano, aka buga da sunanta, aka gyara bayanin da ke bangon gidan tarihi. Amma rubutu bai buɗe kabari ba.

Farfesa Simweemba bai ƙara fita tono ba. Bai kuma ƙara cin abincin rana da mutane ba. In rana ta take, masu wucewa ta tagarsa sukan gan shi zaune da kwalin a ƙirji, yana jijjiga shi a hankali. Sai an rungume shi yake yin shiru.

Darasi: Bincike ba ya zama gaskiya don babba ne ya faɗa. Wanda ya yanke tun kafin ya duba cewa mace ba za ta riƙe mashi ba, shi ne zai ƙi sauraron macen da ke gefensa tana cewa ya duba, kuma wani kuskuren ba ya gyaruwa ko an gane shi. Ku tura wa duk wanda ke koyarwa, ko bincike, ko yanke hukunci a kan wasu, ko Allah zai sa ya tsaya ya duba.