Tsohuwar Hirar da Filibus Ya Ƙi Rufewa

Akwai wani mutum mai suna Filibus, shi da ƙanensa Barnaba, sana'arsu rubuta manhajar kwamfuta. Su ne suka yi wa ƙaramin asibitin ekklisiyarsu manhajar da take aika wa iyaye mata saƙon waya, tana tuna musu ranar kawo yara rigakafi. Suna da wani mataimaki a cikin kwamfuta, irin mai basirar nan da ake rubuta masa tambaya ya amsa, ya kuma gyara aiki in ya lalace. Amma ba a sakar musu shi haka kawai ba. Kason amfani da shi ake ba su na mako, su biyu a kwano ɗaya, in ya ƙare kuwa sai wani makon. A gefen allo akwai ɗan ma'auni da yake nuna abin da ya rage.

Mataimakin nan yana da wani hali. Duk sa'ad da aka yi masa sabuwar tambaya a cikin tsohuwar hira, sai ya koma farko ya karanta dukan abin da aka taɓa faɗa kafin ya amsa, karatun nan kuma daga kason ake cire shi. Shi ya sa masu lura, in sun gama aiki, sukan bar hirar su buɗe sabuwa.

Ana nan wata rana Barnaba ya yi kuskure, ya share wani sashe na aikin da wansa ya sha wahala a kai. Filibus ya zauna da mataimakin, suka bi diddigi har suka gano hannun Barnaba ne, suka gyara. Barnaba ya roƙi gafara, Filibus ya ce, "Ya wuce."

A baki ya wuce. Filibus mutum ne da zai manta inda ya ajiye hularsa alhali tana kansa, amma laifin wani ba ya ɓace masa. Bai bar hirar nan ba, gama a cikinta ne aka nuna dalla-dalla cewa shi ne mai gaskiya. Kowane sabon aiki a ciki yake yi. In kuwa Barnaba ya kawo nasa, sai ya zuba shi a nan ya rubuta, "Duba mini ko ya sake irin ta ran nan." Mataimaki ya koma farko, ya karanta tsohon laifi kaf, ya ce babu kuskure. Kashegari ma haka.

Barnaba ya ga ma'auni yana sauka, ya ce, "Yaya, kason nan fa yana gudu. Da ka buɗe sabuwar hira."

Filibus ya ce, "Kai za ka koya mini aiki? Fara koyon barin na mutane a inda ka same shi."

Barnaba ya koma kan aikinsa. Filibus kuwa ko kallon ma'aunin bai yi ba.

Ana gobe rigakafi sai manhajar ta cije, saƙo ya ƙi fita. Filibus ya rubuta wa mataimaki, amsa ta zo cewa kaso ya ƙare, sai mako mai zuwa. Ya gwada gyarawa da kansa har gumi ya jiƙa masa riga, abu ya faskara. Suna cikin haka Mama Hannatu, nas ɗin asibitin, ta shigo. Ta ce masu kawo allura gobe kaɗai za su yini, matan ƙauyuka kuwa ba wadda ta ji labari. Da ta ji dalili ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! To, wa ya cinye kason?"

Barnaba ya ce, "Mama, mu biyu ne a kan aikin, laifinmu ne. Bari in zaga da babur in faɗa musu da baki."

Damina ce, hanya duk taɓo. Barnaba ya kai wa ƙauyukan kusa labari, amma na hayin rafi ruwa ya hana shi. Da gari ya waye Filibus ya tsaya a ƙofar asibiti yana kallon bencunan da ba kowa a kai. Yaran hayi ba su sami allura ba, sai wani zagayen. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ja ƙanensa gefe, ya kasa haɗa ido da shi, ya ce, "Me ya hana ka gaya mata ni ne?"

Barnaba ya ce, "Yaya, na ga abin da riƙo ya ci mana. Ba mu da sauran da zai ci."

Ma'anar wannan misali ita ce, kason nan shi ne ƙarfi da haƙuri da Ubangiji yake auna wa kowannenmu domin hidimar da ya sa a gabanmu. Ya isa aikin, amma ba a auna shi har da dakon tsohon laifi ba. Tsohuwar hirar ita ce zuciyar da ta ce ta gafarta, amma duk maganar da ɗan'uwa zai yi sai ta koma farko ta karanta abin da ya yi bara kafin ta saurare shi. Ma'aunin kuwa lamiri ne, da kuma mutanen da suke faɗa mana gaskiya muna hantararsu.

Ku lura, 'yan'uwa, ba Filibus ne ya rasa allura ba. Riƙon da miji yake yi wa matarsa, 'ya'ya ne suke kwana da shi. Wanda dattawan ekklisiya suke yi wa juna, marasa lafiyar da ba a je gaishe su ba ne suke shan wahalarsa. Ni da ku mun iya cewa "ya wuce" da murmushi har kunne, mu koma gida mu ci gaba da bita. Saboda haka kowa ya bincika zuciyarsa yau. In akwai wanda ka ce ka yafe wa amma har yanzu kana auna shi da tsohon laifinsa, kada ka jira wata Lahadi. Wataƙila ma a benci ɗaya kuke zaune yanzu.