Katakon da Bai Kai Ba

Siebe Hiemstra ba mugun mutum ba ne, amma akwai taurin kai, ga shi yana ganin duk gaɓar Firislan ta ƙasar Holan babu wanda ya kai shi sanin halin teku. Shi ne mai kula da ƙofar ganuwar da ta tare ruwa daga ƙauyensu. Ƙofar ba ta da murfi. Idan teku ta taso, katakai ake jerawa a tsagin bangon da ke gefenta biyu, a cusa laka a tsakani. Ubansa ya yi wannan aiki, kakansa ma haka.

Da gwamnati ta ga teku sai ƙara hawa take yi, ta ƙara wa ganuwar tsayi, aka ɗan faɗaɗa ƙofar saboda motocin gona. Aka kuma kafa doka cewa kowace shekara, kafin lokacin guguwa, mai kula zai tara mutane su rufe ƙofar don gwaji.

Marrit, injiniyar hukumar ruwa, ta zo har gida ta same shi.

"Baba Siebe, sababbin katakai suna ma'ajiyarmu. A zo a ɗauka a gwada mana."

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, katakon kakana yana tare ruwa tun ba a haifi uwarki ba. Ɗan faɗin da kuka ƙara na auna shi da ido, bai taka kara ya karya ba."

Ta bar masa takardar gwaji ta tafi. Bayan sati ɗaya ya sa hannu cewa an gwada, alhali ko ɗakin katakan bai buɗe ba.

Gonar da ke bayan ƙofar ta Aukje Postma ce, wadda take noman irin dankali ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Wata rana ta tare shi a hanya.

"Maƙwabci, bana ba gwaji ne? Har na jiƙa wake zan yi wa masu ɗaukar katako miya."

Ya ce, "An gama wannan tuni. Ki kwantar da hankalinki, ai ina nan."

Ran nan cikin Janairu, da rana tsaka, iska ta juyo daga arewa, teku ta taso. Maza suka ɗauko katakon farko, suka zura gefe ɗaya a tsagi. Ɗaya gefen ya tsaya a iska, saura tafin hannu guda ya kai. Suka gwada na biyu, haka. Kowa ya juyo yana kallon Siebe, shi kuwa ya ce a garzaya ma'ajiyar hukuma a ɗauko sababbin. Kafin sababbin katakai su iso, ruwa ya ture buhunan yashin da suka tara a ƙofar. Ba wanda ya mutu, amma ruwan gishiri ya kwana uku a gonar Aukje.

Masana suka duba ƙasar suka ce sai ta shekara uku kafin ta sake yin dankali. Aukje ba ta da ƙarfin jira. Ta shirya komawa birni wurin 'yarta.

A taron ƙauye Marrit ta ajiye takardar gwajin a kan tebur. Siebe ya miƙe ya ce, "Hannuna ne. Ƙarya na yi." Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar tafiyar Aukje ya je taya ta loda kaya, bai iya haɗa ido da ita ba. Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Sai da ta shiga mota ta ce, "Siebe, da ka ce min ba ka gwada ba, wallahi da ni da kaina na tara mutanen."

Darasin da ke nan shi ne, sanin da muka gada yana da daraja, amma idan duniya ta canja dole a sake aunawa. Wanda aka damƙa wa amanar jama'a kada ya ce ya yi abin da bai yi ba, domin ƙaryarsa tana hana wasu su kare kansu, kuma sau da yawa wanda ya yarda da shi ne yake kwana a ciki.