Murya ta Tara

Akwai wani manomi a wani ƙauye inda Fada, limamin cocinsu, ba ya zuwa sai sau ɗaya a wata. Shi da matarsa da maƙwabtansu, su tara, suna da ƙaramar zumunta ta addu'a. Kowace Alhamis da la'asar sukan taru a gidan ɗaya daga cikinsu. Suna da ɗan gicciye na itace da yake zagaya gidajen bi da bi, gidan da aka kai shi kuwa can za a haɗu. Sukan karanta Bishara, su ja rosari, wato carbin addu'a, sa'an nan su yi shiru, kowa yana sauraron aikin da Ubangiji zai sa a zuciyarsa domin makon.

Ta tara a cikinsu wata tsohuwa ce, Iya Filomina, mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a hayin rafi. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka kullum sai kowa ya gama cewa Amin kafin ita ta faɗa. Manomin yakan tsokane ta ya ce, "Iya, Amin ɗinki a kan jaki yake zuwa."

Takan ce, "Ai dai yana isa, ɗan nan."

Da damina ta yi tsakiya, rafi ya cika, tsohuwa ta daina zuwa. A makon ne kuma layi ya zo kan gidanta. Manomin ya dubi ruwan ya ce a tsallake ta har sai rafi ya janye. Ya ajiye gicciyen a gidansa. Amma ba su manta da ita ba, duk Alhamis sai sun ambaci sunanta cikin addu'a.

Ran nan suka ambace ta, suka ce Amin. Bakuna sun rufe ke nan, sai wata murya ta ce Amin a bayansu, a hankali, a makare.

Manomin ya buɗe ido ya ƙirga. Su takwas ne. Ya leƙa bayan danga, babu kowa sai dawa tana kaɗawa.

Matarsa ta raɗa masa, "Maigida, ka ji?"

Ya ce, "Iska ce."

Alhamis ta gaba muryar ta sake amsawa, kowa ya ji. Tsoro ya kama su. A wannan mako aikin da suka zaɓa shi ne su karɓo ruwa mai tsarki wurin katikis, malamin cocinsu. Suka yayyafa a tsakar gida da bakin ƙofa, har da kujerar da tsohuwa ta saba zama.

Alhamis ta uku muryar ta dawo, amma ta shaƙe, da ƙyar take fita. A cikin shirun da ya biyo baya, matar manomin ta kafa wa gicciyen ido, ta ce, "Maigida, gicciyen nan a gidan wa ya kamata ya kasance?"

Manomin ya miƙe ya ɗauki gicciyen, suka bi shi. Da suka shiga rafin, ruwan bai wuce gwiwa ba. Ashe ya daɗe da janyewa.

Ciyawa ta rufe hanyar gidan. Randa ta bushe. Suka tarar da Iya Filomina kwance a ƙasa, ta faɗi ta karye a ƙugu. Ɗanyar gyaɗa take ci, tana tarar ruwan da yake ɗiga daga rufin ɗaki.

Ta dube su ta ce, "Duk Alhamis ina jin ku. Kuna kiran sunana, ina amsawa. Sai in ce in sun gama addu'a za su zo."

Manomin ya waiwayi nisan da suka taho, ya tuna nauyin kunnenta, ya durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan karon Amin ɗina ya riga ka isa."

Suka ɗauke ta zuwa asibiti. Ta rayu, amma ba ta ƙara takawa da ƙafarta ba. Tun daga nan, in layi ya zo kanta, manomin da kansa yake kai gicciyen.

Ma'anar wannan misali ita ce: zumuntar nan taku ce, wadda kuke taruwa a gidajenku. Rafin shi ne uzurin da ya kasance gaskiya a makon farko, muka ci gaba da riƙe shi ba mu koma mun duba ba. Muryar kuwa kiran Ubangiji ce a cikin shirunmu, kuma sau da yawa da muryar wanda muka tsallake take zuwa. Mutanen nan sun yi wa tsohuwa addu'a da zuciya ɗaya, Allah ya ji, ya aiko musu da aikin da za su yi, su kuwa suka yayyafa masa ruwa don ya tafi. Kada mu yi haka. In kun taru Alhamis mai zuwa, ku ƙirga kanku kafin ku buɗe Littafi. Wanda ba ya nan, ku ambaci sunansa a gaban Allah, sa'an nan ɗayanku ya sa takalmi ya je ya gano shi kafin rana ta faɗi.