Wa Zai Bar Gidan Burodi?

An yi wani Alhaji Nagoma mai gidan burodi, wanda ma'aikata ba sa daɗewa a wurinsa. Kafin ya riƙe sunan mutum, mutumin ya ƙara gaba. Rannan ya kira Jatau mai kwaɓa fulawa.

"Faɗa mini wanda zai fara barin aiki. In ka canka, babur ɗin nan naka ne. In ka kuskure, na kore ka."

Jatau ya dubi babur, ya ce, "Ni ne, Alhaji."

"Ƙarya kake, ba inda za ka."

"To, na kuskure ke nan. A cika alkawari."

"Na kore ka."

"Ashe na canka. Ina makulli?"

Jatau na tayar da babur, masu gasa burodi biyu suka ɗare bayansa.